Tambayoyi da Amsoshi: Bin Sawun Masu Cika Fom ɗin Shafin Kasuwanci da Tarkacen Saƙonni

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kamfanin ɗab'i a kusa da titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, kuma muna da shafin intanet da aka gina mana da WordPress, wanda ke ɗauke da fom ɗin da abokan ciniki ke cikewa idan suna neman farashi. Tun watannin baya saƙonni suke ta shigowa dare da rana, wasu da Turanci wasu da Rashanci, daga tallan caca sai na magunguna sai masu cewa za su ɗaga shafina a Google. Har wata odar kalanda ta nutse a cikinsu, ban gan ta ba sai bayan mai ita ya kai aikinsa wani wuri. Yaron da ya gina shafin ya ce ana iya gano adireshin IP na masu aikowa. Ta yaya ake yi, kuma zai kai ni ga mai yi min wannan aika-aika?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya musanya maka odar da ta kuɓuce da mafi alheri. Da wuya a ce akwai wani mutum da ke zaune yana cike maka fom da hannu, kuma da wuya a ce wani abokin hamayya ne ya sa ka a gaba. Aikin wasu manhajoji ne da ake kira bot, waɗanda ke yawo a intanet suna neman duk shafin da ke da gurbin rubutu da maɓallin aikawa, idan sun samu su zuba abin da aka ɗora musu su ƙara gaba. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress, manhajar gina shafi, suke, kuma da yawansu fom iri ɗaya suke amfani da shi, shi ya sa manhajar da aka rubuta sau ɗaya take iya addabar shafuka masu ɗimbin yawa a dare guda.

Yaronka ya faɗi gaskiya, ana iya ganin adireshin, wato lambar da na'ura ke shiga intanet da ita. Duk na'urar da ta taɓa shafinka sai saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta rubuta ta a kundin ziyara. Idan kamfanin da ya ba ka masaukin shafi yana amfani da cPanel, wato allon sarrafa masaukin, a duba sashen da aka rubuta Raw Access, a sauke kundin a buɗe shi. Kowane layi yana nuna adireshin mai ziyara, da lokacin da ya zo, da shafin da ya nema, da sunan burauzar da ya ce yana amfani da ita. Layukan da ke ɗauke da kalmar POST su ne na aika fom, su za a ware a gwada da lokacin da tarkacen saƙon ya shigo akwatinka. A kula da agogo: saba da yawa da lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, suke aiki, mu kuma a Najeriya muna gaba da shi da awa 1, saboda haka saƙon da ya iso maka ƙarfe 3 na dare zai iya bayyana a kundin da ƙarfe 2. Idan fom ɗin na manhajar nan ta WordPress mai suna Contact Form 7 ne, akwai hanya mafi sauƙi, wato a saka alamar nan ta [_remote_ip] a jikin wasiƙar da fom ɗin ke aiko maka, daga nan kowane saƙo zai riƙa zuwa da adireshin wanda ya aiko shi.

Ni a ganina abin da ya fi adireshin kansa amfani shi ne halin ziyarar. Mutum na gaskiya yakan buɗe shafi, wayarsa ta ɗauko hotuna, ya ɗauki minti ɗaya ko biyu yana rubutu, sannan ya danna aikawa. Bot kuwa sau da yawa ba ya ɗauko hoto ko ɗaya, kuma tsakanin buɗe shafi da aika fom bai fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, wani ma kai tsaye yake aikawa ba tare da ya buɗe shafin ba. Wanda ya zauna da kundin rabin awa zai fara bambance su da ido.

Akwai wani tarko da ya kamata yaronka ya sani. Idan shafin yana bayan Cloudflare, kamfanin da ke shiga tsakanin shafi da masu ziyara don kare shi, adireshin da kundin zai nuna na Cloudflare ne, domin ta wurinsu duk masu ziyara ke biyowa. Na ainihin mai ziyara yana cikin bayanin da suke haɗowa mai suna CF-Connecting-IP, kuma sai an saita sabar kafin ta riƙa rubuta shi. Wanda bai san wannan ba zai iya toshe Cloudflare da hannunsa, ya rufe wa kowa da kowa ƙofa. Shi kuma bayanin X-Forwarded-For da wasu ke dogara da shi, mai aikowa yana iya rubuta duk abin da ya ga dama a ciki, don haka ba a yarda da shi sai in daga sabar da aka amince da ita ya fito.

Bayan an samu adireshin, sai a bincika shi a rajistar WHOIS. Hukumomi 5 ne ke raba adiresoshin intanet a duniya: AFRINIC mai hedikwata a Moris ita ke kula da Afirka, RIPE NCC da ke Amsterdam tana kula da Turai da Gabas ta Tsakiya, sai ARIN ta Arewacin Amurka, da APNIC ta Asiya da yankin Fasifik, da LACNIC ta Latin Amurka. Binciken zai nuna kamfanin da aka ba wa adireshin, da faɗin rukunin da yake ciki, da imel ɗin kai ƙorafi. Daga nan a duba shi a AbuseIPDB ko Stop Forum Spam, inda masu kula da shafuka ke tara rahotanni, a ga ko wasu sun riga sun kai kukansa.

To, a nan ne nake so ka rage buri. Abin da za ka tarar galibi ba ya wuce saba da aka yi haya da 'yan kuɗi kaɗan a wata cibiyar ajiyar bayanai, ko mafitar VPN ko ta Tor, wato hanyoyin ɓoye adireshin ainihi, ko kuma na'urar wani bawan Allah da aka yi wa kutse, kamar rauta ta gida ko kyamarar tsaro ko wayar da aka sa wa manhajar VPN ta kyauta, ana bi ta cikinta mai ita bai sani ba. Kamfanin sadarwa ne kaɗai ya san wanda ke riƙe da adireshi kaza a lokaci kaza, kuma ba ya bayarwa sai ga hukuma bisa doka. Taswirar da wasu shafuka ke nunawa da ɗigo a kan gari kintace ce kawai. Wayar da ke Rigasa tana iya bayyana a Legas ko Abuja, saboda can ne layin ya fita zuwa intanet. A 2016 an gano cewa wani kamfanin irin wannan taswira yana ɗora duk adireshin Amurka da bai san garinsa ba a kan tsakiyar ƙasar, wanda ya faɗo daidai wata gona a jihar Kansas, har adiresoshi kusan miliyan 600 suka taru a kanta, mutanen gidan suka shafe shekaru suna shan zargi da ziyarar jami'an tsaro a kan laifuffukan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da atamfa da leshi daga Barnawa, kuma ina karɓar oda ta shafina. Mai kula da shafin ya toshe adiresoshi masu yawa saboda irin waɗannan saƙonni, amma ba su daina ba, sai ma wata kwastoma daga Kawo ta kira ta ce shafin ya ƙi buɗe mata da layin wayarta. Mene ne ya faru?

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Bisa dukkan alamu, a cikin adiresoshin da aka toshe akwai na kamfanin layin waya na nan gida, kuma wannan ita ce ɓarnar da na fi tsoro a harkar. Tsohon tsarin adireshi, IPv4, adiresoshi kusan biliyan 4.3 ne kacal yake da su, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare tun watan Fabrairun 2011. Saboda ƙarancin, kamfanonin waya suna haɗa masu layi da yawa su fita ta adireshi guda, kamar gidan haya mai ɗakuna barjat da zaure ɗaya: idan aka garƙame zauren saboda ɗan haya guda, an kulle har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ƙari a kan haka, adireshin waya yana sauyawa. Wanda wata waya mai ɗauke da mugunyar manhaja ta riƙe jiya, yau yana iya kasancewa a hannun kwastomarki. Shi kuwa mai bot ɗin tuni ya koma wani adireshin, domin yana da dubbai da yake juyawa.

A gaya wa mai kula da shafin ya koma jerin da ya toshe, ya bincika kowanne a WHOIS, ya saki duk wanda ya nuna na kamfanin waya ne ko na mai ba da intanet na gida. Irin waɗannan idan ta kama dole, toshewar wucin gadi ake yi musu, ta awa ɗaya ko ta yini guda, ko kuma a kafa iyaka cewa adireshi ɗaya ba zai aika fom fiye da sau 3 ko 4 a cikin minti 10 ba. Waɗanda suka cancanci doguwar toshewa su ne na cibiyoyin hayar saba da suka maimaita laifi, tunda mai sayen atamfa ba daga can take shigowa ba. Ko a nan ma a taƙaita toshewar ga aika fom kawai, kada a hana Google karanta shafin. Toshe ƙasa sukutum kuwa ba na ba da shawararsa ga mai kasuwa irin taki, domin 'yar'uwar da ke Makka ko Maraɗi ko Landan tana iya son yi wa gida sayayyar biki.

Ainihin maganin a jikin fom ɗin yake. Na farko, a saka ɓoyayyen gurbi wanda idon mutum ba ya gani amma bot yana karanta shi a rubutun shafin. Duk saƙon da ya zo da wannan gurbi a cike, a watsar da shi. Na biyu, a ƙi karɓar fom ɗin da aka cike cikin ƙasa da daƙiƙa 3 ko 4. Waɗannan biyun ba sa cin datar kwastoma, ba sa ɓata mata lokaci, kuma su nake so a fara gwadawa. Idan ba su wadatar ba, a ƙara da Turnstile na Cloudflare, wanda ya fito a 2022, ko reCAPTCHA na Google samfurin da ya fito a 2018, waɗanda galibi suke tantance mai ziyara ba tare da sun sa shi zaɓen hotuna ba. Wannan zaɓen hotunan motoci da fitilun titi wahala ce ga wadda sabis ɗinta ke rawa, kuma da yawa sukan haƙura su tafi. Akwai kuma Akismet, wanda ke tace saƙonni tun 2005, sai dai a riƙa leƙa abin da ya ware aƙalla sau ɗaya a mako, domin kowace manhajar tacewa tana iya riƙe saƙon gaskiya.

Abu ɗaya da nake roƙon a duba yau: idan fom ɗin yana mayar wa mai aikowa kwafin abin da ya rubuta kai tsaye, a kashe wannan. Masu bot suna saka imel ɗin wasu mutane a gurbin, sai shafinki ya zama shi ke raba musu tallan da sunanki. Idan abin ya yi yawa, sabar imel ɗinki tana iya faɗawa jerin baƙin suna irin na Spamhaus, daga nan rasit da wasiƙun da kike aika wa kwastomomi su riƙa zarcewa kwandon shara.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kaduna Polytechnic, ina kula da shafukan wasu 'yan kasuwa. Akwai amfani a kai ƙarar adireshi, ko kuwa in wallafa shi a Facebook, ko in mayar masa da martani?

Amsa: Akwai amfani, ƙanena, muddin ka kai ƙarar inda ta dace. Ka rubuta wa imel ɗin ƙorafi da WHOIS ya nuna, ka saka adireshin, da cikakken lokaci tare da bambancin agogo, da layukan kundin ziyara kamar yadda suke, da samfurin saƙo ɗaya. Manyan kamfanonin hayar saba sukan dakatar da mai laifi, wasu ƙanana kuma ba za su ko amsa ba. Ka kuma shigar da rahoton a AbuseIPDB don ya amfani wasu.

Wallafawa a Facebook da zargi kada ka yi, domin mai adireshin yana iya zama shi ma wanda aka zalunta ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta lissafa alamomin da ake gane mutum da su a intanet cikin bayanan da take karewa. Mayar da martani ya fi muni: shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ko da shi ya fara tsokana. Idan saƙonnin suka wuce talla suka koma barazana ko neman kuɗin fansa, a kai wa 'yan sanda, suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, kuma dokar ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga na tsawon shekara 2. Naka kundin kuwa ba ya daɗewa haka, domin saba da yawa suna share shi da zarar sun gama lissafin ziyara. Ka shiga Raw Access na kowane shafi da ke hannunka, ka kunna zaɓin adana kundin, sannan ka riƙa sauke kwafinsa a ƙarshen kowane wata.