Yaya, Allah bai tsaya a Zuru ba

Yaya, saƙonka ya iso ranar Talata ina tsakar tace gasara. Autana ya kunna mini shi har sau uku, don na farko raina ya ɓaci ban ji ƙarshensa ba. Na gode da fatan alherin da ka yi wa 'yarka kan aurenta. Amma tambayoyin da ka jero a baya sun fi fatan alherin tsawo: wai me ya sa Batone, wato Ba'ashante, za ta aura, wai da wane harshe muke sujada a Kumasi, wai har yanzu mu Hausawa ne ko suna kawai ya rage. Ka rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Karin maganar nan ta yi mini ciwo.

Ka san yadda muka zo, amma daga bakin Baffa ka ji, ni kuwa daga bakin Baba, kuma labarin bai zama ɗaya ba. Kakanmu Bayauri ne, ya shiga soja a yaƙin Hitila aka kai su Bama. A can ya haɗu da sojojin ƙasar nan, lokacin ana kiranta Gwalkwas, kuma Hausa ce harshen bariki, da ita kowa ke jin umarni. A can ya karɓi Yesu. Da aka sallame su ya koma, danginsa ba su sake masa fuska ba, sai ya kwashe Kaka da yara biyu ya biyo hanyar fataken goro har Kumasi, ya kama aikin gadi. Littafi Mai Tsarki nasa, fassarar nan ta 1932, yana cikin akwatina. Bangon ya tafi, Zabura ta yi baƙi da yatsunsa.

A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana. Nan gidanmu ya tsage. Baffa ya sayar da kekensa da gadonsa ya hau babbar mota da ku, kuka sauka Zuru wurin dangin Kaka. Baba bai iya tafiya ba, Inna na da tsohon ciki, ni kuma shekarata uku. Wata tsohuwa Batoniya da suke coci ɗaya ce ta aiko ɗanta da dare, aka kai mu ƙauyensu na gonar koko. Wata biyar muna can, a ɗakinta aka haifi ƙanena. Baba yakan ce kullum da asuba tsohuwar nan tana durƙusawa tana addu'a da Tonanci, shi yana yi da Hausa, ba mai jin na wani, sai a Amin suke haɗuwa. To yaron da zai auri 'yarka daga garin nan ya fito. Ban bincika ko jininta ne ba, ban ga bukata ba.

Ba wai auren Tonawa ba shi da ƙaya ba. Yana da ita, na kuma kwana ina juyi. Su ta wajen uwa suke lissafin dangi, a al'adarsu ɗan 'yar'uwar mutum ya fi ɗan cikinsa kusa da gadonsa. An yi doka a 1985 da ta ba mata da 'ya'ya kaso mafi tsoka in mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, amma na ga gwauraye da dama suna kuka duk da dokar. Sai batun jana'iza. Mu mukan rufe mamaci da wuri, su gawa takan yi wata da watanni a ɗakin sanyi, sannan a yi taro ranar Asabar da jan zane da baƙi, a kashe kuɗin da ya isa gina ɗaki. Na zaunar da yaron na faɗa masa duk wannan, na ce ranar da na mutu kada a sa ni a firji. Ya yi dariya, ya ce ya ji. Yana tsoron Allah, yana koyarwa a makarantar Lahadi, kuma in zai gaishe ni har ƙasa yake tsugunawa, wanda wasu samarin Zango ma sun daina.

Kai dattijon ikilisiya ne, ka fi ni sanin Irmiya 29, inda aka ce wa waɗanda aka kai bauta su gina gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Da wannan surar Baba ya rayu. Kuma in za mu tona, Yaya, Kaka ai Badakkariya ce. Baba ya ce har ta rasu tana yi wa Kakanmu gori cewa ya same ta a arha, bai yi mata golmo, noman nan na neman aure, a gonar ubanta ko damina ɗaya ba. Wa ya tambayi Hausancin Baffa saboda haka?

Abin da ba ku gani daga can shi ne a nan tambayar ta gefe biyu take zuwa mana. A Kumasi in an ce Bahaushe, Musulmi ake nufi. Batone ya ji ina Hausa a kasuwar Kejetia sai ya kira ni Hajiya. Ranar Lahadi kuma 'yan Zango su gan ni da Littafi a hammata, baƙo a cikinsu ya ce, "Ke Bahaushiya ce kuwa?" Na saba. Maƙwabtana na Aboabo dai sun san ni tun ina yarinya, da Sallah ƙwaryata takan cika da nama, da Kirsimeti ni ma in zagaya da shinkafa. A 2019 Babban Limamin Gana, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara ɗari, ya je cocin Katolika a Akra ranar Ista ya zauna cikin masu sujada. Ranar nan na yi tafiya a unguwa kaina a sama.

Hausarmu kuwa, na yarda ta sauya. Yaranmu sukan ce "Inna ya zo", mace da namiji duk "ya" ne a bakinsu, ƙa da ka ba su rabe ba. Da kuka yi waya da autana na ji ka kana dariya. Yi dariyarka. Amma fita titi da safe a kowane gari na Gana ka ji abin da ake saye: Hausa koko da kose, wakye wanda shinkafa da wake ce tamu, tuo zafi. Sunayen abincinmu ne a bakin ƙasa guda. Ni da kokon nan na biya kuɗin makarantar yara huɗu.

Sujadar Lahadi da Tonanci muke yi, ba zan ɓoye ba, da ganga da rawa da kaɗa farin hankici. Ina jin daɗinta. Sau ɗaya a wata kuma mukan taru a tsakar gidana, gida bakwai ne ko takwas, wasu jikokin sojoji irina, wasu 'yan Nijar masu aikin gini, mu yi waƙoƙin Hausa irin na zumuntar mata, da tulu ɗaya da wata ta kawo daga Jos. Ba fasto, wanda ya iya karatu ya karanta.

Amma ba a nan nake gane ko ni wace ce ba. Ƙarfe uku da rabi nake tashi in hura wuta, kafin ladan ya kira asuba tukunyar farko ta nuna. A tsakanin nan ba kowa, daga ni sai hayaƙi, kuma abin da ke fitowa daga bakina a lokacin Hausa ce zalla, ban taɓa shirya ta ba. Akwai asubar da ba na roƙon komai. Wata irin kewa ce take kama ni, kamar ta barewar nan ta Zabura 42 mai marmarin ruwa. Da ina yarinya na ɗauka kewar Zuru ce, garin da ban taɓa gani ba. Da na zo bikin ɗanka na kwana tara a gidanka, na ci tuwon dawa na ƙoshi, na hau dutse na kalli gari, sai na tarar da kewar ta biyo ni har can, tana tashe ni ƙarfe uku da rabi. A ɗakin matarka na gane ba gari nake nema ba.

Ka tambaya ko muna ganin amincin Ubangiji a baƙuwar ƙasa. A 1983 fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonaki, ga mutanen Gana wajen miliyan da Najeriya ta koro a farkon shekarar sun dawo a kan yunwa. Ina da shekara goma sha bakwai. Akwai ranakun da Inna ta dafa ɗanyen gwanda da gishiri muka kwana a kai. Ina tsoron a rama korar a kanmu, amma ba wanda ya taɓa ƙofarmu, sai ma ɗan tsohuwar nan ya iso da buhun rogo a kan keke. Inna ba ta iya karatu ba, aya ɗaya ta riƙe daga Makoki 3, cewa jinƙansa sabo ne kowace safiya, ita take maimaitawa tana hura wuta. Ban ce kullum amsa takan zo ba. Maigidana ya yi jinya shekara biyu, na yi azumi har na rame, ya tafi. Wata shida ban buɗe Littafi ba, wutar koko kawai nake hurawa ina shiru. Ranar da bakina ya sake buɗewa, ayar Inna ce ta fito.

Mu ma muna jin naku. Da aka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yauri a 2021, da abin da ke faruwa a ƙauyukan Danko da Wasagu, zumuncinmu ya yi ta kwana a durƙushe. Wata 'yar Nijar da ba ta san ko ina ne Kebbi ba ita ta fi kowa kuka.

Bikin Asabar ta biyu ce a Disamba. Ka biyo ta Legas da Kwatano da Lome, ka shigo ta Aflao, yaron zai tarbe ka a Akra. Kai ne uba, kai za ka karɓi sadaki, na riga na gaya wa danginsa. In za ka zo ka taho mini da kuka da daddawa ta gida, da Littafi Mai Tsarki na Hausa mai manyan baƙaƙe, idona ya fara gajiya da na Kakanmu. A gaida Yaya mace da yara.