Shin harkar sadarwa sana'a ce da za a dogara da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a kwalejin kimiyya da fasaha, fannin lantarki, kuma ina sha'awar aikin sadarwa. Mahaifina kuwa ya fi son in nemi aikin gwamnati, yana cewa kamfanonin waya ba abin da suke yi sai sayar da kati. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Fargabarsa tana da tushe, domin kamfani kan sallami ma'aikaci idan kasuwa ta juya. Amma harkar ta wuce sayar da kati nesa ba kusa ba.

Kafin 2001, layukan tarho da ke aiki a duk Najeriya ba su wuce rabin miliyan ba. A shekarar ne hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, MTN da Econet suka biya dala miliyan 285 kowannensu. Glo ya shigo a 2003 da lissafin kira na daƙiƙa-daƙiƙa. Yau layukan sun haura miliyan 150, kuma fannin yana samar da kaso mai tsoka na tattalin arzikin ƙasa. Wanda ke son ya ga nauyinsa ya tuna lokacin da aka katse sabis a Zamfara a Satumban 2021: masu POS suka zauna ba aiki, ɗan kasuwa ya rasa yadda zai tura kuɗi, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su buga waya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, yawancin aikin ba a ofishin MTN ko Airtel yake ba. Matasa da dama nan suke kai takardunsu, su yi ta jira shiru. Turakun sabis da kake gani a gari, da yawansu na kamfanoni ne irin su IHS, su kuma 'yan kwangila suke bai wa kula da su. Kowane turke yana buƙatar janareta, batura, sola da mai duba su, domin wutar gwamnati ba ta isa. A nan karatunka na lantarki zai yi maka rana. Haka wayar faiba mai ɗaukar intanet da ake binnewa a ƙasa: masu aikin hanya suna yawan tsinka ta, kuma wanda ya iya haɗa ta ba ya rasa kira. Ga kuma masu saita na'urori da masu tsaron bayanai, waɗanda buƙatarsu ta ƙaru tun da aka fara 5G a 2022.

Don haka kada ka tsaya kan takardar makaranta kaɗai. Ka nemi yin aikin koyon sana'a wajen ɗan kwangilar da ke fita fili. Ka yi kwas na CCNA, wato na koyon haɗa na'urorin sadarwa da saita su, idan hali ya yi. Cibiyar Digital Bridge ta NCC tana da reshe a Kano, ka leƙa ka ga kwasa-kwasansu.

Aikin yana da wahala, ba zan ɓoye maka ba. Za a tashe ka cikin dare idan sabis ya ɗauke, albashin farko ba shi da yawa, wasu wuraren kuma akwai matsalar tsaro. Ka karanta takardar kwangila da kyau kafin ka sa hannu, kuma ko wa ya matsa maka, kada ka hau turke ba ɗamara da hular kwano.