Amsa ga mai tambayar jak ɗin sauke giyar mota a gida

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ka ce kana da Corolla ta 2005 mai giyar otomatik, kana so ka sauke giyar da kanka a tsakar gida nan Agege ka kai wa mai gyara, kana kuma tambaya ko jak mai taya na tan 2 zai wadatar ko sai na tan 3.

Ka sayi na tan 3, amma ba don nauyi ba. Giyar irin wannan mota, da kwanbata (kewayayyen ƙarfen nan mai cike da mai da ke haɗa inji da giyar otomatik) da sauran man da ke ciki, tana tsakanin kilo 70 da 90 ne. Ƙaramin jak na tan 2 zai ɗaga ninkinta ashirin, motar kanta ma gaba ɗaya ba ta kai tan ɗaya da rabi ba. Abin da ke kayar da mutane a wannan aiki shi ne iyakar tashin jak, iyakar kwanciyarsa, faɗin gindinsa, da yadda yake sauka idan an murɗa masa bawul. Sai aka yi dace manyan na tan 3 su ne suka fi cika waɗannan sharuɗɗa.

Ɗauko tef na awo tun kafin ka nufi kasuwa. Ƙaramin jak ɗin nan da ake sayarwa cikin akwatin roba yana farawa ne daga kamar santimita 13, ya ƙare a 33 zuwa 38. Idan ka ɗora gaban mota a kan jak-sitan, wato ƙafafun ƙarfen nan masu haƙora, a tsayin santimita 42 zuwa 45, ƙasan giyar zai yi sama da inda ƙaramin jak ke iya kaiwa. Daga nan sai a fara jera guntayen katako ɗaya kan ɗaya a kansa don a cike giɓi, kuma a nan giya ke sulluɓewa. Babban jak mai kwantaccen baki yana farawa daga santimita 8 ko 9 ya kai kusan 50. Wannan tazarar ita kake saya da kuɗinka.

Lissafi na biyu shi ne na fitowa. Tsayin giyar daga ƙasanta zuwa samanta ya kai santimita 40 ko ya ɗan fi. Haɗa da 9 na jak a kwance, da kamar 5 na abin da za ka shimfiɗa a kansa, ka ga ana maganar 54 zuwa sama. Jak-sitan na tan 3 yawanci ba ya wuce santimita 43, na tan 6 ne ke kaiwa kusan 60. Saboda haka ko dai ka nemi dogaye, ko ka fito da giyar ta ramin tayar hagu bayan ka cire taya da shaf, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa taya, tunda a wannan Corolla giyar tana ɓangaren direba ne. Wasu sukan sauke ta har ƙasa su zame ta daga kan jak zuwa kan kwali su ja. Wajen fita yana aiki. Wajen mayarwa ne za ka gane kurenka, domin ɗora kilo 80 a kan jak kana kwance a ƙarƙashin mota ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Bawul ɗin sauka shi ne abin da za ka fi daɗewa kana gwadawa a shago. Akwai wanda sai ka zare sandar famfo ka sa bakinta a wani ɗan kunne ka murɗa; irin wannan ko ya ƙi motsi ko ya saki gaba ɗaya, babu tsakiya. Nemi wanda sandar kanta ake murɗawa tana nan a maƙale. A cikinsu ma, wanda aka haɗa sandarsa da bawul ta ƙaramar gaɓa mai lanƙwasa ya fi mai haƙoran giya biyu laushin hannu. Ka sa mai shago ya ɗaga shi har ƙarshe, wani mai jiki ya hau kai, kai kuma ka murɗa a hankali. Idan kana iya sauke mutumin santimita ɗaya ka tsayar, ka sake ɗaya ka tsayar, ya yi. Idan ya yi zuruf ya faɗo, bar musu kayansu ko da an rage maka kuɗi. In da hali a sa shi ƙarƙashin wata mota a ɗaga a bar shi minti goma zuwa sha biyar. Wanda ya sauka da kansa ko da kaɗan ne, sil ɗinsa, wato robar da ke tare mai, ya gaji ko bawul ba ya rufewa sosai.

Rubutun da ke jikin jak ba shi ne shaida ba, fenti da sitika ba su da tsada. Ɗaga shi da hannu ka ji. Na ƙarfe mai tan 3 na gaske yakan kai kilo 30 ko fiye, sai ka sa hannu biyu; wanda ka ɗauka da hannu ɗaya kamar jakar makaranta, ko me aka rubuta a jikinsa, ƙarami ne. Duba kaurin ƙarfen gefe, duba waldar, duba ko tayoyin baya suna juyawa ba gargada, sannan faɗin gindi ya kai santimita 30 ko fiye don kada ya kife idan nauyi ya karkata. A Ladipo ko kasuwar kayan mota ta Trade Fair za ka samu sabo da tokumbo (na hannu daga ƙasashen waje), a Owode Onirin ma ana samun na hannu. Tokumbo mai nauyi da ba ya yoyo ya fi sabon da ba shi da ƙwari. Sai dai ka ɗaga shi ka leƙa sandar fistin: iskar Legas mai danshi da gishiri tana sa mata tsatsa, tsatsar kuma ita ke yanka sil. In ka ga ramuka-ramuka a jikinta, ko an canza sil ba zai daɗe ba.

Kada ka bar shagon sai ka duba ɗan faifan da ke bakin jak, ka ga ko yana cirewa. Wani zarewa kawai ake yi, wani da babban noti aka ɗaure shi. Faifan nan bai fi tafin hannu ba, an yi shi ne don ya tokare ƙarfen mota, ba don ya riƙe abu mai tudu da kwari kamar giya ba. Idan yana cirewa, auna faɗin ramin da ya bari ka je wurin mai walda ya yanka maka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, kamar santimita 25 a 30, ya liƙa masa guntun rodi a ƙasa daidai ramin nan, ya ɗaga gefe biyu da angul, ya sa zobe biyu na ɗaure bel. Ka shimfiɗa katako a kai, ka cusa ƙananan guntaye inda giyar ba ta zauna daidai ba, ka ɗaure ta da bel mai makulli irin na ɗaure kaya a mota. Ana sayar da irin wannan faranti haɗaɗɗe mai notukan karkatarwa gaba da baya, yana da daɗi wajen saita giya da inji, amma yana ƙara kusan santimita 10 a tsayi, ka sa shi cikin lissafin can na sama. Kuma kada ƙarfe ya tokari tsakiyar kaskon man giya kai tsaye. Kaskon siriri ne, in ya lotsa ciki yana matse bakin filta, mai ya daina hawa yadda ya kamata, a dawo ana cewa mai gyara ne bai iya ba.

Akwai jak na musamman da aka ƙera don giya kaɗai, mai ɗaukar kilo 200 zuwa 500. Ga mai gareji ya dace. Ga wanda zai yi aikin sau ɗaya ko biyu, kuɗin ya fi amfani a kan jak-sitan masu kyau, domin jak ɗin giya ba ya ɗaga mota, dole dai ka sake sayen wani.

Yanzu ƙasan da za ka yi aikin. Hannun jak mai taya ba miƙe yake tashi ba, lanƙwasa yake yi kamar bakan kibiya, shi ya sa yana tashi tayoyinsa na gangarawa gaba, yana sauka suna komawa baya. A kan intalok ɗin da ya cika gidajen Legas, ƙananan tayoyin ƙarfen nan suna faɗawa tsakanin duwatsu su cije, sai jak ya riƙa jan kayan maimakon shi ya matsa. A kan yashi ko ƙasar da ta sha ruwan damina kuwa nutsewa suke. Shimfiɗa filawud mai kaurin milimita 18, ko farantin ƙarfe in kana da shi, kowane jak-sitan kuma ya samu faffaɗan katako mai ƙwari a ƙarƙashinsa. Bulon siminti, na inci 6 ne ko na 9, kada ya shiga ƙarƙashin motar nan ko da wasa. Cikinsa rami ne, ba ya tsagewa ya ba ka lokaci, rugujewa yake yi nan take. Ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya gaba da baya, domin da zarar gaba ya tashi, sa giya a P ba ya riƙe komai. Masu Hiace da Hilux su ma su lura, ana cire farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi tayoyin baya, giya ta daina riƙe motar. In kuma gidan haya ne mai yara da yawa, zaɓi lokacin da suke makaranta, ka kuma tanadi roba da garin katako saboda mai, kada ku ɓata da mai gida.

Wani abu da tambayarka ba ta taɓo ba: wa zai riƙe injin? A motar da ke ja da gaba, inji da giya a haɗe suke rataye, kana kwance giya-sit, wato mazaunan da ke riƙe su a jikin mota, na hagu da na gaba da na baya, injin zai rage a kan sit ɗaya tilo ya sunkuyo, ya ja wayoyi da tiyo. Tunda jak mai taya yana ƙarƙashin giya, injin na buƙatar nasa. Mafi kyau a gitta ƙaƙƙarfan ƙarfe ta sama daga kafaɗar mota zuwa ɗayar, a rataye shi da sarƙa, ƙasa ta zama fili. In babu, jak kwalba da faffaɗan katako a ƙarƙashin kaskon baƙin mai zai yi, riƙewa kawai, ba ɗagawa ba.

Tsarin aikin a taƙaice: sassauta manyan notukan shaf tun mota tana ƙasa, soket 30 mai kusurwa 12 suke ci. Cire batir da mazauninsa da akwatin iska, zare soket-soket na waya, wayar as (wadda ke ɗaure a jikin ƙarfen giya), kebul ɗin canza giya, da tiyo biyu masu zuwa lagireto. Juye man, ka sani abin da zai fito bai kai rabi ba, saura na cikin kwanbata. Fitar da shaf biyu da kik, wato na'urar da ke tayar da inji. Idan ƙarfen da ke gicciye a ƙasa ya tare hanya, shi ma a sassauta shi ko a sauke.

Sai wurin da aka fi yin ɓarna. Kwanbata tana ɗaure da faifan inji da notuka 6, ana kwance su ɗaya bayan ɗaya ta ƙaramar tagar da ke ƙasa, ana juya injin da sifana ta notin fuli, wato faifan da bel ɗin inji ke hawa. Dole a kwance su kafin a raba giya da inji, kwanbata ta fito tare da giya. Wanda ya bar ta a jikin inji ya ja giya, zai yaga sil, yana iya lalata famfon mai. Bar notuka biyu na sama a bakin giya har sai jak ya karɓi nauyin, alamar kuwa ita ce su kwance da yatsu ba tare da sun cije ba. Ja giyar miƙe santimita 2 zuwa 3 ta fita daga kan ƙusoshin saiti guda biyu, leƙa ka tabbata kwanbata ta biyo, sannan ka fara sauka kaɗan-kaɗan, mutum ɗaya a kan bawul, ɗaya yana kallon abin da ya maƙale, babu wanda kansa ko ƙirjinsa ke ƙarƙashinta. Tana samun sarari ka gitta sifana ko waya a bakin don kada kwanbata ta zamo ta faɗo, ita kaɗai ta haura kilo 10.

Kafin ranar aiki ka duba man jak ɗin. Man haidirolik na jak ake zuba masa, mai lamba 32, ba man birki ba, wanda ke cinye sil cikin ɗan lokaci. In yana tashi da laushi kamar soso, iska ce ta shiga: buɗe bawul, buga sandar sau goma, ɗan buɗe murfin mai iskar ta fita, ka rufe. In ka gama, ajiye shi a kwance gaba ɗaya don fistin ya koma cikin mai.

Wajen mayarwa, tura kwanbata cikin giya kana juya ta har ka ji ta shige mataki biyu ko uku, ta zauna can ciki da bakin giyar. Giya da inji su haɗe baki da baki da turin hannu kawai. In ka ga saura giɓi ya ƙi rufewa, kada ka jawo shi da noti, famfon zai fashe. Sauke kaɗan, sake zaunar da kwanbata, ka gyara tsayin jak da rabin bugu har ƙusoshin saitin su faɗa raminsu.