Bayan aikin rage nonon namiji

Ɗan uwa, ka tambayi yadda warkewa take in an yi aikin. Kumburi da tsami dole ne, sati guda ka iya komawa biro amma ɗaukar nauyi sai bayan sati 4 zuwa 6, kuma rigar nan mai matse ƙirji da ake sawa bayan aikin kar ka aje ta wai don zahin Yamai, ita ke rage taruwar ruwa. Abin tsoro jini ya taru a kwana biyun farko, gefe guda ya kumbura ya yi tauri, ko zazzaɓi da mugunya, to maza koma wurin likita. Kan nonon kan daina jin taɓi na 'yan watanni. In dama tabonka kan taso ya yi tudu, faɗa ma likita tun kahin aiki. Sigari kam bar shi.