Ɗalibina Ya Ce Hitila Gwarzo Ne, Me Zan Ce Masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina koyar da tarihi a wata sakandaren jeka-ka-dawo a karkarar Ringim. Ranar nan muna darasin Yaƙin Duniya na Biyu, sai wani yaro mai hazaƙa ya ɗaga hannu ya ce Hitila gwarzo ne. Wai ya gani a wayar yayansa cewa Hitila ya ce da ya ga dama da ya ƙarar da Yahudawa, amma ya bar kaɗan don duniya ta gane dalilinsa. Wani kuma ya ce ai kisan ma ƙaryar Turawa ce. Rabin ajin suka tafa musu. Ni kaina abin da ke faruwa a Gaza yana ƙona mini rai, shi ya sa na rasa ta cewa. Da na kai zancen majalisa da yamma, aka ce in bar yara da ra'ayinsu. Yaya zan yi? Daga wani malamin tarihi, Ringim, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɗauki shawarar majalisa. Yaron nan ba ra'ayi ya kawo maka ba, labari ya kawo, kuma labarin ƙarya ne. Gyara irin wannan ai shi ne aikin da kake karɓar albashi a kansa.

Maganar da ake jingina wa Hitila ba ta cikin jawabansa, ba ta cikin rubutunsa, kuma tarihi ya ƙaryata ta. Ranar 20 ga Janairu 1942 manyan jami'an gwamnatinsa suka zauna a Wannsee, gefen birnin Balin, da takardar lissafin Yahudawan Turai miliyan 11 da suke nufin hallakawa, har da na Ingila da ba su ci da yaƙi ba. Mai irin wannan lissafi bai yi niyyar rage kowa ba. Waɗanda suka tsira, galibi cin Jamus da aka yi a 1945 ne ya tsirar da su.

Abin kuma ba rana ɗaya ya faɗo ba, wannan nake so yaranka su fi riƙewa. Hitila ya hau mulkin Jamus a Janairun 1933. Aka fara da cewa kada a yi sayayya a kantin Bayahude, aka kore su daga aikin gwamnati. A 1935 dokokin Nuremberg suka cire su daga cikakkun 'yan ƙasa, suka haramta auratayya da su. Daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙona wuraren ibadarsu, aka farfasa kantunansu, 'yan sanda na kallo. Sai da mutane suka yi shekaru suna jin ana kiran maƙwabtansu annoba a rediyo da jarida da ɗakin karatu, sannan aka zo kan kisa. A Babi Yar, wani kwazazzabo a bakin birnin Kiyev na ƙasar Yukren, an harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu a ƙarshen Satumban 1941. A sansanin Auschwitz da ke Polan an kashe mutum kusan miliyan 1.1, kimanin miliyan 1 daga cikinsu Yahudawa, akasarinsu a ɗakunan iskar guba. Jimilla kusan miliyan 6, cikinsu yara wajen miliyan 1.5. Ka tsaya a kan adadin yaran nan a gaban aji. Ka tambaye su laifin da jaririn goye ya yi.

Shi kuwa mai cewa ƙaryar Turawa ce, ka tambaye shi daga ina adadin Babi Yar ya fito. Daga rahoton da makasan suka aika wa shugabanninsu ne. Kwamandan Auschwitz, Rudolf Höss, ya tsaya gaban kotun Nuremberg a 1946 ya bayyana yadda ake aikin da bakinsa. Jamus ta fara biyan diyya bayan yarjejeniyar da ta ƙulla da Isra'ila a 1952, kuma yau musanta wannan kisan ƙare dangi laifi ne a dokarta. Wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa, ya biya diyya, sai mu a ƙauyen Jigawa ne za mu wanke shi?

Akwai abin da yake ba ni takaici duk lokacin da na ga baƙar fata yana yabon mutumin nan. A aƙidarsa ni da kai da ɗalibinka ba cikakkun mutane ba ne. A 1937 gwamnatinsa ta kama ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da Jamusawa, aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya. A Yunin 1940, a Chasselay kusa da birnin Lyon na Faransa, sojojinsa sun ware baƙaƙen sojojin Faransa da suka miƙa wuya daga fararen, suka bindige su. Kakanninmu kuwa wannan ɓangare suka yaƙa: sun gwabza da Italiya a Habasha, sun gwabza da Japan a Boma, duka abokan ƙawancen Hitila. Ina yaro a ƙauyenmu na ƙasar Gumel akwai wani tsohon soja da ba ya kiran yaƙin da wani suna sai yaƙin Hitila, kuma ban taɓa jin ya ambaci sunan da daɗin baki ba. Ka sa yaran su tambayi tsofaffin gidajensu, da wuya a rasa wanda kakansa ya je Boma.

Yanzu batun Gaza, wanda na san shi ne ainihin abin da ya ɗaure maka harshe. Baƙin cikinka a kan hanya yake, ni ma ina da shi, kuma ba wanda ya ce ka daina sukar gwamnatin Isra'ila da sojojinta. Amma ƙasar Isra'ila a 1948 aka kafa ta. Matar da aka tura ɗakin guba da 'ya'yanta a 1943 ba ta san Gaza ba. Bayahuden da ke zaune a Amurka ko Maroko yau ba shi ya harba makami ba, kuma cikin masu fitowa zanga-zangar adawa da yaƙin akwai Yahudawa. Mu Musulmi mun san zafin a ɗora mana laifin Boko Haram don kawai mun haɗa sunan addini da su. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa, Manzon Allah (SAW) ya miƙe, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? Zuciyar da ke kukan yaron Gaza tana tafa wa kisan yaron Polan, ba zalunci take ƙi ba, zaɓen wanda za a zalunta take yi.

Ka ba su labarin Musulmin da suka zaɓi wata hanya a lokacin. Dakta Mohamed Helmy, likita ɗan Masar mazaunin Balin, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya har yaƙi ya ƙare, alhali shi kansa 'yan Nazi, wato mutanen jam'iyyar Hitila, sun taɓa tsare shi. A Albaniya, inda Musulmi suka fi yawa, iyalai sun ɓoye Yahudawa a gidajensu saboda al'adarsu ta riƙon amanar baƙo, har aka gama yaƙi Yahudawan ƙasar sun fi yadda suke kafin a fara. In gwarzo yaron yake nema, ga su nan.

Kada ka kunyata shi a gaban 'yan'uwansa, in ka yi haka zai riƙe ƙaryar don kare mutuncinsa. Yaba masa da ya yi magana, sannan ka ba shi aiki: ya nemo ranar da Hitila ya faɗi maganar, da wurin, da wanda ya ji. Ba zai samo ba, kuma gano hakan da kansa ya fi duk wani bayaninka. Ka haɗa darasin da Ruwanda, inda a 1994 rediyo ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai har aka kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana ɗari, don su ga abin ba na Turai kaɗai ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 27 ga Janairu, ranar da sojojin Sobiyet suka buɗe Auschwitz a 1945, don tunawa da kisan; ranar tana faɗowa a zango na biyu, sai ka nemi shugaban makaranta ya ba ka minti goma a taron safe. Kafin nan ka sami yayan yaron, mai wayar, ku zauna, don daga wurinsa saƙon ya fito, kuma akwai wasu ƙannen da ke karɓar wayar.