Tsohuwar Peugeot akori-kura: kayan bodi na asali ko na kwafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan inji na mota a Kano. Kwanan baya na sayi Peugeot 504 akori-kura guda biyu da suka daɗe a yashe a bayan wani gida, da niyyar in gyara in sayar. Injinansu za su tashi, amma bodi ya ji jiki. Ƙofofi sun ruɓe daga ƙasa, bonet ɗin ɗaya ya lotsa, daɓen wurin ɗaukar kaya ya huhhuje. Mai gyaran bodi ya ce in nemo kayan asali ko da tsofaffi ne. Wani abokin kasuwa kuma ya ce zai yi min odar sababbi na kwafi daga waje a farashi mai sauƙi. Wanne ya fi riba? Kuma ina tunanin in shiga sayar da irin waɗannan kayan bodi gaba ɗaya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema.

Bari in fara da gajeriyar amsa. Ƙofa, bonet da fendar gaba, ka nemo na asali. Daɓen da direba ke taka ƙafa, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, da daɓen wurin kaya, ka sa sabon ƙarfe, kada ka ɓata lokacinka wajen neman tsoho. Sannan kada ka yi wa motocin nan biyu aiki iri ɗaya.

Dalili shi ne masu sayen irin wannan mota kashi biyu ne, kuma aljihunsu ba ɗaya ba. Akwai mai lodi, wanda zai ɗora mata buhunan masara daga kasuwar ƙauye zuwa Dawanau. Shi inji da giya da sifirin yake dubawa, ƙofa kuwa in dai tana rufuwa ya gama magana, ba zai ƙara maka ko sisi don ta asali ce ba. Akwai kuma mai sha'awa, wanda mahaifinsa ya riƙe irinta, yana so ya ajiye ta a gida ya riƙa fita da ita ranar Juma'a. Kamfanin PAN na Kaduna, mai haɗa Peugeot a Najeriya, ya fara haɗa motoci a 1975, kuma an ci gaba da yin 504 a Najeriya har zuwa 2006, bayan Turai ta daɗe da barinta. Saboda haka masu wannan shauƙi suna nan, wasunsu kuma yanzu sun yi kuɗi. Wannan mai sayen zai tsuguna ya bi layin jikin mota da ido daga fitila zuwa baya, ya sa yatsa a tsakanin ƙofa da fenda. Shi kaɗai ne zai biya ka wahalar neman na asali.

To ka ɗaga motocin biyu a kan rami, ka duba shasi. Wadda shasinta ya fi lafiya, takardunta kuma suka cika, ita ce ta mai sha'awa. Ɗayar ka mayar da ita motar aiki da mafi ƙarancin kuɗi, ko kuma in ta yi lalacewar da ba ta da riba, ka ciri kayanta masu kyau ka sa wa ta farko. Sau da yawa wannan na biyun ya fi kawo kuɗi, ko da yake na san zuciyar ɗan kasuwa ba ta son ta sayi mota biyu ta sayar da ɗaya.

Kayan bodi iri uku ne a kasuwa. Akwai na asali da aka ciro daga jikin wata mota. Akwai na asali da kamfani ya buga tun wancan zamani amma ba a taɓa ɗaurawa ba, ya kwana a sito shekara da shekaru. Wannan shi ne sarki, in ka gan shi a farashin hankali kada ka tsaya dogon ciniki. Sai na kwafi, wanda wani kamfani dabam ya buga daga baya.

Abin da ya sa na kwafi yake ba da wahala yana wajen bugu. Kamfanin mota yana matse farantin ƙarfe a cikin manyan ma'aunai na ƙarfe masu tsananin tsada, waɗanda aka sassaƙa da siffar abin da ake so a fitar, kuma ƙofa ɗaya sai ta bi ta matakai da dama kafin ta fito, a lanƙwasa, a yanke baki, a huda ramuka, a kalmashe gefe. Mai kwafi ba shi da zanen asali. Tsohuwar ƙofa yake samu ya auna, ya ƙera nasa ma'aunin, sau da yawa kuma ya rage matakan don ya rage kuɗi. Ƙarfe kuma yana da halin ɗan komawa baya bayan an matse shi, in ba a yi lissafin wannan daidai ba sai kwana ta buɗe kaɗan. Sakamakon shi ne layin da ya kamata ya fito da kaifi sai ya fito a dakushe, ramin ƙusa ya goce da milimita biyu ko uku, ƙofa ta zauna daidai a sama ta turo baki a ƙasa. A shago ba za ka ga wannan ba. Sai an ɗaura.

Ba duk na kwafi ne haka ba, kuma a nan ya kamata ka san yadda abin yake a Amurka, inda wannan harka ta fi girma. Masu gyaran tsofaffin akori-kura irin su Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972, ko Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956, kusan kowane ɓangare na bodi suna samunsa sabo. Kamfanoni irin su LMC Truck da Auto Metal Direct da Dynacorn sun gina kasuwanci a kan haka, kuma da yawa daga cikin kayan a Taiwan ake buga su. Masu saye suna da yawa, kamfanoni suna gasa, wanda kayansa ba ya zama daidai sunansa ya ɓaci, don haka ingancin ya yi ta ƙaruwa. Duk da haka masu gyara a can ba su daina sara da walda kafin sabuwar fenda ta zauna ba, kuma har yau suna biyan kuɗi mai kauri a kawo musu tsohuwar ƙofa daga jihohi masu bushewa kamar Arizona. A Ingila akwai British Motor Heritage da ke buga bodin tsofaffin motocin Mini da MGB da ainihin ma'aunan kamfani na da, wanda wannan wani mataki ne dabam. Ita 504 akori-kura ba ta da kasuwa mai faɗin ta C10 da za ta tilasta wa masu kwafi su gyara aikinsu. Abin da abokinka zai kawo yana iya yin kyau, yana iya zama abin takaici, kuma ba ka da hanyar sani sai ka gwada.

Yanzu ga lissafin da nake so ka riƙa yi, domin a nan 'yan kasuwa suke faɗawa. Farashin ƙofa ba shi ne kuɗin ƙofa ba. Kuɗinta shi ne farashi, da dako, da ladan wanda zai sa ta zauna, da fenti, da kwanakin da mota za ta yi a gareji jarinka yana kwance. Mu ɗauki misali kawai, kai ka sa alƙaluman da ka samu a kasuwa. A ce ta asali naira 100,000 ce, ta kwafi 60,000. Ta asali in tana da lafiya, a kankare, a ɗaura, a daidaita hinji, an gama a yini. Ta kwafi in ta ƙi zama, sai an faɗaɗa ramuka, a tsaga gefe a ƙara ƙarfe, a yi walda, a goge, a cike da fila, wato ƙullin da ake shafawa a rufe lotsawa kafin fenti. In wannan ya ci kwana uku da 35,000, ragowar ribarka 5,000 ce, a kan ƙofar da mai sha'awa zai rage maka kuɗi saboda ita. Araha ba ta ado. Amma lissafin yana juyawa, kuma wannan ne mai gyaranka bai faɗa maka ba. Tsohuwar ƙofa da ta ruɓe daga ciki, aka lulluɓe ta da fila da fenti mai sheƙi, ta fi ta kwafi cin kuɗi nesa ba kusa ba. Kasancewarta ta asali ba ya hana tsatsa ci gaba da aikinta.

Saboda haka in za ka Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna neman kaya, ka tafi da ƙaramin maganaɗisu da tocila. Ka naɗe maganaɗisun a ƙyalle ka bi da shi ƙasan ƙofa da bakin fenda. Inda ƙarfe ne zai kama, inda aka zuba fila mai kauri za ka ji ya saki. Ka juya ƙofar ka haska cikinta. Fenti yana ɓoye waje, amma tabon guduma da ɗinkin walda suna nan a ciki. Ka duba ƙananan ramukan da ruwa ke fita a ƙasan ƙofa, in sun toshe da laka, to ruwa ya kwana a ciki damina bayan damina. Ka matsa kalmasar gefe da babban yatsa, in ta kumbura ko ka ji tana ɓarɓashi, tsatsa ta shiga tsakanin ƙarfe biyu, kuma wannan ba ya gyaruwa da goga. Ka girgiza wurin hinji ka ga ko ya tsage.

Muna da wata sa'a a Arewa da ba kowa ke lura da ita ba. Ƙasarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, don haka ƙofar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram takan fi wadda ta fito daga Legas ko Fatakwal lafiya, inda iskar teku da laima suke cin ƙarfe. Ta kan fi ma ta Beljiyam, domin a Turai gishiri suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara. Kada sunan "kayan waje" ya ruɗe ka a wannan fanni. Inda motocinmu suke mutuwa shi ne daɓen baya, saboda takin zamani da gishiri da fitsarin dabbobi da suka yi shekaru suna ɗauka. Shi ya sa na ce kada ka nemi tsohon daɓe, duk wanda za ka samu irin cutar da ta kashe naka ce take cinsa. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ƙwararren mai walda zai yanka sabon faranti mai kauri daidai da na da ya shimfiɗa, kuma ko mai sha'awa ba ya ƙin sabon daɓe in aikin ya yi tsabta. Wani sauƙin kuma, gaban akori-kura ɗin daga na 504 ta shiga aka ɗauko shi, don haka bonet da fendar gaba kana iya samunsu a jikin tsofaffin tasi, sai dai ka auna ka gwada kafin ka biya, domin an yi 'yan canje-canje tsawon shekarun.

In kuma ka ga dole sai na kwafi, ka sa a kawo guda ɗaya tak. Ka ɗora shi a sikeli tare da na asali, in ya fi shi sauƙi sosai to ƙarfen siriri ne, kuma bambancin milimita 0.9 da 0.7 ba ƙarami ba ne a hannun mai walda, siririn yana hujewa yana murɗewa da zafi. Baƙin fentin da yake zuwa da shi, ka jiƙa tsumma da tina ka goga. In ya biyo tsumman, ba abin da zai kare, sai an kankare shi duka kafin a yi fenti. Kuma ko na asali ko na kwafi, a ɗaura komai a jikin mota, a daidaita tazarar ƙofofi da bonet, a rufe a buɗe, sannan a kwance a kai fenti. Wanda ya yi fenti kafin gwaji zai biya mai fenti sau biyu, kuma ba mai karɓar kayan da aka huda ko aka fesa.

Game da shiga harkar gaba ɗaya, a nan zan ja maka birki. Kayan bodi ba kamar fiston da ringi ba ne da kake jerawa a kanta. Suna cin wuri a kwantena, ana cajin ka da girmansu, suna lotsewa a hanya, kuma mai kawo maka daga waje zai so ka ɗauki da yawa. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a Yunin 2023, duk wanda ke odar kaya ya san yadda farashin da aka yi magana a kai yake bambanta da wanda ake biya ranar da kaya suka iso. Ka zuba jari a bonet hamsin na motar da kullum raguwa take a titi, wannan kuɗi ne da zai daɗe bai dawo ba. Abin da na fi gani da riba shi ne akasin haka. Na asali ba a ƙara yin su, kuma kullum 'yan gwangwan suna sare waɗannan motoci suna sayarwa a kilo. Ka ƙulla hulɗa da su, su riƙa kiran ka kafin su sa gatari. Ka ciri ƙofa da bonet da fenda da gilasai da ƙyauren baya masu lafiya a farashin da ya ɗara na kilo kaɗan, ka wanke, ka shafa musu maganin tsatsa, ka jingine su a tsaye a inuwa, a kan katako, ba a ƙasa ba. Ka ware wa wannan kuɗin da in ya kwana shekara ba zai taɓa shagon injinka ba.

Abu biyu kuma kada ka yi wasa da su. Duk abin da ka saya daga jikin mota, ka karɓi rasit mai sunan mai sayarwa da lambar shasin motar da aka ciro shi, domin kayan sata suna yawo a wannan layi, kuma ranar da 'yan sanda suka zo, wanda aka samu da kaya shi ake fara riƙewa. Haka kuma ka gargaɗi mai walda kada ya yanke ko ya rufe wurin da lambar shasin motarka take.

Na biyu, ka ɗauki hoton kowane mataki na aikin da wayarka, daga ƙarfe tsirara har zuwa fenti, ka rubuta wane ɓangare ne na asali, wane ne sabo. Ɓoye aibin kaya haramun ne a ciniki, ka fi ni sani, kuma mai saye yana da damar dawo da shi. Bayan wannan, hotunan kuɗi ne. Mai sha'awa da ya ga cikin ƙofar kafin a rufe ta zai biya abin da ba zai biya a kan rantsuwa ba. Kafin ka kashe ko naira ɗaya a kan kaya, ka sa mai gyaran bodin ya rubuta maka ladansa ɓangare-ɓangare, farashi biyu ga kowanne, in an kawo na asali da in an kawo na kwafi, sannan ka kai takardar wurin wani mai gyaran na biyu ya duba.