Inshorar takardar gida a ƙasar waje

Alhaji, ka ce ɗanka ya samo maka gida a Amurka, kana nan Gombe kana tambaya ko dole ne ka yi inshorar takardar mallaka. Idan da bashin banki za ka saya, bankin zai sa ka biya wadda ke kare kuɗinsa shi kaɗai. Taka ta mai gida ba tilas ba ce, amma don Allah ka yi ta. A can babu gwamnan da zai sa hannu a shaidar mallaka kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tsara mana. Ofishin gunduma ajiye takardu kawai yake yi, ba ya lamunce maka ingancinsu. To in wani magaji ya ɓullo daga baya, ko tsohon bashin haraji, ko aka gano sa hannun jabu, kamfanin inshorar ne zai ɗauki lauya ya biya asarar. Sau ɗaya ake biya, ranar kammala ciniki.

Da a Ingila ne ko Dubai, da ban matsa ba, domin can rajistar gwamnati ce hujjar mallaka. Sai dai ka ɗauki lauyanka na kanka, ban da wanda dillali ya kawo maka.